Muco a Gidan Surukai

Bari in tona wa kaina asiri kafin wani ya riga ni. Ni Sule Mai Barkono, da furfurata da komai, na tashi tun daga Tsiga, na ƙetare hamada da teku, na je ƙasar Sifaniya na kusa kashe auren ɗana. Ba da faɗa ba, ba da gori ba. Da ladabi. Ladabin nan da uwata ta dasa mani da tsumagiyar tsamiya, shi ya kusa raba mutum da matarsa.

Tun da na dawo, 'yan majalisarmu ta ƙofar shagon Hadi tela ba su bar ni na sha ruwa ba. Kowa ya zo sai ya ce in ɗauko daga farko. Na kuma lura duk sanda na maimaita sai jirgin ya ƙara girma, ni kuma in ƙara jarumta. Shi ya sa na ce gara in rubuta sau ɗaya kafin ƙarin gishirin ya fi ƙarfin miyar. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wata bakwai, biyu daga ciki ma a gonar auduga na yi su. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Wanda na je wurinsa ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, tunda ban taɓa faɗinsa da bakina ba balle da hannuna. Mutane na ce masa Injiniya, ni kuma in ta kama dole sai in ce "kai" ko "yaron nan". Ya karanci harkar ban-ruwa a Zariya, ya tafi ƙaro karatu can, ya samu aiki a gonakin tumatir, ya auri 'yar ƙasar mai suna Lusiya. Ta waya muka sa albarka. Da ta haifi 'ya mace sai suka aiko da takardun gayyata, mu biyu ni da uwarsa. Uwarsa ta ce ita ba ta hawa abin da in ya lalace a hanya ba a sauka a tura. Sai ya rage ni kaɗai.

Na ɗaure kayana: barkono daka, kuka, daddawa, kilishi, da ƙuli-ƙuli cike da wata tsohuwar jakar taki da aka wanke. Acaɓa ya kai ni Bakori, bas ta kai ni Funtuwa. A tasha da direban motar Abuja ya ji inda na nufa, sai ya sauke wani mai jakar hannu daga gidan gaba ya ce, "Baba, nan ne wurinka, kada Turawa su ga rigarka ta yamutse su raina mu." Mai jakar bai ƙara yi mani magana ba har Zuba.

A filin jirgi na gamu da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a gindinta ina jira ta tsaya in hau, kamar yadda mai hankali ke yi wa kowace mota. Na fi minti goma. Sai na ji an ce a bayana da Hausa tsantsa, "Baba, wannan ba ta da birki, sai dai a yi bismillah." Na waiga na ga wani Ibo mai ƙiba, gemunsa ya fara fari. Cinedu sunansa, haifaffen Funtuwa, kayan gyaran mota yake sarowa. Hausarsa ta fi tawa karin magana. Allah Ya sa jirginmu ɗaya har Madrid, har inda muka canja jirgi a Maroko shi ya riƙa jan hannuna kamar makaho da ɗan jagora. Da muka kusa sauka ya ce, "Baba, abu ɗaya zan gaya maka. Mutanen nan, in kana magana da su ka kalle su cikin ido." Na ce to. A raina na ce ɗan Funtuwa ne zai koya mani zaman duniya?

A wurin binciken kaya wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata kamar mai jiran sadaka. Wata ma'aikaciya ta buɗe. Daddawa ce ta fara yi mata sallama, sai da ta ja da baya taku uku. Cinedu ya yi ta bayani cewa 'ya'yan itace ne, ba abin da ya mutu a ciki. Ƙuli-ƙulin kuwa ta ɗauki guda ta ƙwanƙwasa a tebur, ta ji ƙarar, ta mayar. Kilishi ne suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Aka ɗauke shi a gabana. Na bi shi da kallo, karen ma ya bi shi da kallo. A ranar ni da kare ra'ayinmu ya zo ɗaya.

Da na fito, ga Injiniya ya taho da hannuwa a buɗe, shekara tara rabona da shi. Zuciyata ta yi tsalle kamar ɗan akuya, amma ni uba ne, shi ɗan fari. Na miƙa masa hannu ina kallon wani allo, na ce, "An same ku lafiya?" Ban ankara ba sai ga wata doguwar mace ta nufo ni da gudu, ta kawo fuskarta dab da kumatuna. Haka suke gaisuwa, sumba nan, sumba nan. Na yi salati na faɗa bayan keken kaya, hulata ta yi nata wuri. Surukata ce! A garinmu surukar da ta san kanta daga bakin ƙofa take durƙusawa, kai kuma ka amsa kana kallon katanga.

Jaririyar ce ta cece ni. Jika ai ba kunya tsakani. Na karɓe ta na ce, "Ke ce amaryar tawa? Da wannan hanci kamar an taka gauta? Ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara." Lusiya ta tambayi mijinta me na ce. Na yi magana ta kai kamu goma, shi ya fassara da kalma biyu, ta yi murmushi. Na san an yi mani kwaskwarima.

Daga Madrid muka yi kusan yini a mota zuwa kudu. Can ƙasar tasu busasshiya ce, ta fi Jibiya ƙishi, amma ko'ina rumfunan leda ne farare iya ganinka, kamar matan duniya sun haɗu sun yi shanya. A ƙarƙashin ledar nan suke noma. Gidan uban Lusiya muka sauka a gefen wani ƙauye, gidan bene ne, su Injiniya a sama, tsohon a ƙasa. Sunansa Pako, gajere, mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa kamar bayan kunkuru. Ina riƙe hannun nan na san manomi ne. Matarsa ta rasu da jimawa. Daga baya na ji cewa saboda zuwana ya sauke cinyar alade da ke rataye a kicin ɗinsa ya kai ajiya gidan maƙwabci, ya sa aka wanke tukwane kaf. Allah Ya saka masa.

Ɗakina na da gado mai laushin da in ka kwanta sai ka nemi mai ciro ka, don haka a ƙasa na riƙa shimfiɗa bargo. A banɗaki na tarar da butar ban-ruwan fulawa, koriya, mai dogon baki kamar zalɓe. Ita Injiniya ya samo mani a madadin buta. Ta yi aiki, ba na ce ba ta yi ba.

Abubuwan mamaki kuwa sai wanda ya gani. Karnuka da riguna. Da azahar gari ya mutu murus, kowa ya rufe shago ya je ya kwanta, kuma ba mai ce masa malalaci. Miyar tumatir daga firji, a kofi, ba tuwo ba komai, wai a sha. Maza da mata a tebur ɗaya, kowa na magana lokaci guda da ƙarfi, ranar farko har na miƙe zan raba faɗa, ashe hirar ruwan sama ake. Na ga ɗana da idona ya ɗaura ƙyalle a ƙugu yana wanke kwanoni. Na kawar da kai, na ce ban gani ba.

To ga inda na yi ta'asar. Ni a sanina, mutum ba ya zama ya buɗe ciki a gaban suruka. In aka zuba abinci sai in yi loma uku, in ce alhamdulillahi, in tashi. Ba na kallon fuskarta. Ba na zama kusa da Injiniya, in ya shigo falo in fita tsakar gida. In na koma ɗaki yunwa na cina, sai in jawo jakar taki in yi ta gurgurar ƙuli-ƙuli a hankali don kada a ji. A raina ina cewa yau mutanen nan sun ga ɗan asali.

Rana ta shida Lusiya ta yi tuwo. Tuwon masara, miyar kuka, da daddawar da na kawo. A waya ta koya, ta ɓata tukunya biyu kafin ta uku ta yi. Wallahi da na kai loma sai da na ji ƙamshin tsakar gidana. Ta tsaya a kaina tana murza hannu. Me ɗan asali zai yi? Na sunkuyar da kai, na yi ukuna, na tashi.

Inda nake sakewa kawai gonar Pako ce. Kullum da safe sai ya ƙwanƙwasa mani ƙofa mu tafi. Ba ya jin Hausa, ba na jin nasu, Turanci kuwa daga ni har shi sai dai a yi mana addu'a. Ranar farko ya nuna rana, ya buɗe hannuwansa iyakar buɗewa, ya ce, "Muco!" Injiniya ya ce su da wani harafi a tsakiya suke rubutawa, mucho, amma ni yadda kunnena ya ji nake rubutawa. Sannan ya nuna rijiya, ya matse ɗan yatsa da babban yatsa saura ƙiris su haɗu, ya ce, "Poko." Na ce a'a, ai wannan karatun bai kai na yaƙi da jahilci wuya ba. Muco, da yawa. Poko, kaɗan.

Da kalma biyun nan muka yi hirar da ban taɓa yi da wani a majalisa ba. Na kamo tsutsa a ganyen tumatir na nuna masa, na nuna ƙirjina da kudu, wato can garinmu, na ce muco. Ya riƙe kai ya ce nan ma muco. Na kwaikwayi ciwon baya, muco. Ya nuna gashin kansa, poko. Ya ɗanɗana barkonona, ya yi ta zagaya rumfa yana fifita baki yana ihun muco har ma'aikatansa suka fito. Na kwaikwayi mai babbar riga yana alkawari a kan mumbari, sannan na buɗe tafin hannu ina tambaya. Mu duka biyu muka matse yatsu a tare, muka yi dariya har sai da muka zauna a kan buhu. Ashe manomi ko'ina uwarsu ɗaya.

Rana ta tara Pako bai yi dariya ba. Muka shiga rumfa, ya juya bokiti biyu, ya zauna ya nuna mani ɗaya. Ya nuna gida ya ce, "Lusiya." Ya ja yatsu biyu daga idanunsa zuwa haɓa. Ya ce, "Muco."

Na ɗauka yaron nan ne ya yi mata wani abu, har na fara naɗe hannun riga. Sai Pako ya girgiza kai. Ya sa yatsa a ƙirjina, daidai zuciya, ya ce, "Lusiya," ya matse yatsu. "Poko?" Ya faɗi sunan ɗana, ya sake matse yatsu. "Poko?" Yana kallona cikin ido, nasa idanun sun kaɗa.

Na aika aka kira Injiniya daga wurin injin ruwa. Ya zo ya tsaya nesa kaɗan, kansa a ƙasa, yadda na koya masa.

Na ce, "Kai, me ke faruwa a gidan nan?"

Ya ce, "Ba komai, Baba."

Na ce, "Ba komai ne ya sa dattijo ke zana mani hawaye?"

Ya ce, "Ta ga ɓurɓushin ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin bargonka. Ta ce ka gwammace ka ci dutse da ka ci abin hannunta. Ta ce ba ka taɓa kallonta ba, ni ma ba ka kiran sunana, wato fushi kake da ni saboda na aure ta. Tana ganin ka zo ne ka tafi da ni gida a ba ni 'yar gari. Jiya ta ce in haka ne in faɗa mata tun yanzu, ba za ta raba ɗa da ubansa ba, za ta koma ƙasan bene wurin babanta ita da yarinyar."

Na ce, "Innalillahi! Ba ka gaya mata al'adarmu ce ba?"

"Na gaya mata. Ta ce ina rufa maka asiri ne, kamar yadda na yi a filin jirgi da maganar hanci."

"To ni me ya hana ka gaya mani?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. "Kunya, Baba."

Kun ji fa. Gado ba ya ɓata. Ni ina kunya, shi yana kunya, yarinyar mutane na kuka a tsakani.

Washegari Lahadi ce, ranar da dangi ke taruwa cin abincin rana. Aka kawo shinkafa a wani faranti mai faɗin murfin rijiya, da kifi da jatan lande. 'Yan'uwan Pako sun cika tebur. Lusiya ta zuba mani ɗan kaɗan, ta san ba ci zan yi ba, ba ta ko ɗago kai ba. Na yi loma uku. Na yi ta huɗu. Na share farantina tas, na miƙa mata. Tebur ya fara yin shiru. Ta ƙara, na share, na sake miƙawa. A na uku sai da na sassauta tazuge.

Sannan na miƙe tsaye. Na taɓa fuskantar ɓarayin shanu da sanda, amma tsayuwar ranar ta fi waccan wuya. Na ɗaga kai na kalli surukata a fuska, karo na farko. Ashe wushirya gare ta. Kwana goma ina gida ɗaya da wushirya ban sani ba. Na nuna farantin na ce, "Muco." Na yi alamar tuƙa tuwo na ce, "Muco, muco." Sannan na dafa ƙirjina na ce, "Lusiya. Muco."

Ta saki cokali. Ta zagayo tebur da gudu tana kuka tana dariya, na ga alamar sumbar nan ta sake tasowa, na yi maza na miƙa mata hannuwa biyu. Ta riƙe su gam ta ɗora goshinta a kai. Wannan dai na iya ɗauka. Mata suka hau tafi, wata tsohuwa tana share ido da mayafin tebur.

Na ce to an gama, zan zauna. Ina! Pako ya buga tebur. Ya kamo wuyan rigar Injiniya ya tsayar da shi a gabana, ya nuna shi, ya nuna ni, ya buɗe tafin hannu yana jira. Tsohon banza, ashe bai manta rabin tambayarsa ba.

Jama'a, shekara talatin da takwas ban taɓa yabon yaron nan a gabansa ba. Ranar da ya ci jarrabawa cewa na yi Allah Ya sa ba satar amsa ya yi ba, sannan na zagaya bayan rumbu na yi hawayena. Na duba ƙofa, ta yi nisa. Na duba fankar sama. Ita na kalla, ba shi ba, na buɗe hannuwana iyakar buɗewa har na ture kofin wani, na ce, "Muco."

Abin da na gano shi ne kalmar aro kamar rigar aro ce. Kana iya yin rawar da ba za ka yi da taka ba.

Sauran kwana goma sha ɗayan biki ne. Na zama Sarkin Muco na ƙauyen. Mai burodi muco, direban bas muco, har wani kare mai jar riga na ce wa muco. Lusiya kuwa ta ɗauki abin da gaske, ta riƙa tula mani abinci kamar mai ɗura wa rago kafin layya, sai da na koma ina roƙo da yatsu a matse, poko, 'yata, poko, don Allah. Na koya wa Pako cewa "madalla", yana faɗinta ko an taka masa ƙafa. Ya ba ni irin tumatir a ƙulle cikin takarda, na bar masa sauran barkono da ƙuli-ƙuli, ya ce zai gwada su a kan haƙorin maƙwabcinsa.

Ranar komawa Injiniya kaɗai ya raka ni Madrid. A mota mun yi hirar taki, da rufin ɗakin uwarsa, da wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Da muka iso inda masu rakiya ke tsayawa, ya miƙo mani jakata. Na miƙa hannu zan karɓa, sai ya ƙi saki. Na ɗago, na ga yana kallona cikin ido kamar mutanen can, yana ɗan murmushi irin na uwarsa in ta kama ni da laifi.

Ya ce, "Baba, abin nan da ka faɗa wa fanka ranar Lahadi, da Hausa yaya ake faɗinsa?"